Kulocin Motar Arlis

Shekara arba'in da shida muna tare da Arlis Tackett, kuma ba na jin akwai Lahadin da ta wuce bai leƙa motar nan ba. Ford ce ta 1932, marar rufi, wadda ya jawo daga bayan rumbun wani manomi tun muna sabon aure, kaji sun mayar da ita akurki. Ya zuba mata inji mai silinda takwas, ya sauke gabanta ƙasa, ya fente ta kore mai duhu. Duk mai harkar hot rod, wato tsofaffin motocin da ake gyarawa don gudu, a yammacin Kansas ya san ta, ya kuma san kulocinta. Sandar da ke tura kulocin Arlis ne ya ƙera ta da hannunsa daga ƙarfen tsohuwar garma, kuma taka fedar kulocin nan sai ka ce kana ture buhun alkama da ƙafa ɗaya. Yakan ce da gangan ya bar shi haka don ɓarawo ya sha wuya.

Da ƙuruciya ni ma na tuƙa ta, har na taɓa cin tsere biyu a tsohon filin jirgi. Amma tun da aka yi mini aiki a gwiwar hagu, shekara goma sha biyu ke nan, na koma kujerar gefe. Ban yi ƙorafi ba. Zama kusa da shi yana tuƙi ma daɗi ne da shi.

A watan Fabrairu yana tsaye a kicin yana tsiyaya kofi, butar ta suɓuce daga hannunsa. Kafin in juyo ya zube. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Bakinsa ya ɗan karkace, magana tana fita a hankali kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi, amma hankalinsa garau. Da aka sallame shi daga asibiti likitoci suka ce ba zai iya komawa gida ba. Gidanmu matakala ne ko ta ina, ni shekarata saba'in da ɗaya, shi kuma ƙato ne, ko juya shi a gado ba zan iya ba. Aka sama masa ɗaki a gidan kula da tsofaffi a Garden City, mil hamsin da takwas daga ƙofarmu.

Talata da Asabar nake zuwa a ƙaramar motata mai sauya giya da kanta. Kullum tambayarsa ta farko ɗaya ce.

"Kin tayar da ita?"

"Na tayar, ranar Lahadi."

"Minti nawa?"

"Goma sha biyar, kamar yadda ka ce. Kai ko lafiyata ba za ka tambaya ba?"

"Ai ga ki ina gani," in ji shi. "Ita ce ba na gani."

Wata Talata a watan Mayu na same shi shiru, ko abincin rana bai taɓa ba. Na yi ta jan sa da hira, na ba shi labarin maƙwabta da na coci. Can ya ce, "Lorene, na manta kukanta. Jiya na yi ta ƙoƙarin in ji shi a kaina, bai zo ba."

Ranar Lahadi na naɗo masa ƙarar injin a waya. Da na kai masa ya kara a kunne, ya saurara, ya miƙo mini.

"Wannan ai ƙudan zuma ne a gwangwani."

Da na koma gida ban ko ajiye jakata ba na wuce gareji. Na hau, na sa ƙafar hagu a feda, na danna da iya ƙarfina, na riƙe sitiyari ina turawa da bayana. Ta tafi rabi. Gwiwar ta yi wani irin suka har sai da na ga wuta. Na sauko da kyar na kira Doyle.

Doyle ƙanen Arlis ne, shekara huɗu tsakaninsu. Rayuwarsa duk a gyaran tarakta da injin girbi ta ƙare, matarsa ta rasu, yana zaune shi da karensa a bakin gari. Shekara talatin suna musu da yayansa a kan kulocin nan. Doyle ya ce a sa mata kuloci mai aiki da mai, wanda ɗan yaro ma zai taka, Arlis ya ce kulocin mai na malalata ne da masu gyaran tarakta.

Ya zo, ya tsaya a ƙofar gareji yana murza hularsa.

"Matarmu, so kike ki haɗa ni da Yaya? Ko yana kan keken marasa lafiya sai ya taka ni da shi."

"Ba sai ya sani ba tukuna."

"Ke kin taɓa ɓoye wa mutumin nan wani abu ya ɓoyu?"

"Doyle, so yake ya ji ta. Ko dai ka kai ta da kanka, ko ka gyara mini in kai."

Ya dubi motar, ya dube ni. Ya san ba zan yarda wani ya kai ta ba, shi ma kuma bayansa ba ya son zaman mil hamsin a kujerar nan. Ya tofar da tsinken da ke bakinsa ya ce, "Miƙo mini fitila."

Kayan kulocin mai da muka yi oda suka iso bayan kwana shida. Ba su da yawa: silinda babba da ake ce wa masta, wadda feda ke turawa, sai ƙarama da za ta zauna a jikin giyabos ta tura hannun kulocin, da tiyo mai haɗa su, da ɗan tulun man birki. Muka ɗaga motar a kan jak huɗu, muka cire allunan ƙasa. Da aka zo kwance sandar Arlis, Doyle ya miƙo mini sifana ya ce, "Wannan ke za ki yi. Ni hannuna ba ya ciki." Na kwanta a kan kwali na kwance noti biyu. Sandar ta faɗo mini a ƙirji, da nauyinta, wurin da take gogar ƙarfe ya yi sulɓi yana ƙyalli. Na naɗe ta a tsohuwar rigarsa na ajiye a kan tebur.

Kwana uku Doyle yana aune-aune da huje-huje. Ya yanko ƙarfe ya lanƙwasa, ya yi mazaunin da ƙaramar silindar za ta hau. Ni aikina miƙa kaya, dafa kofi, da yi masa tsiya in ya ɓatar da washa. Rana ta huɗu ya cika tulun da mai ya ce saura cire iska.

Wannan aiki ne na mutum biyu, kuma na fi kowa saninsa. Kowane watan Afrilu haka muke yi wa birki ni da Arlis, ni a sama ina taka feda, shi a ƙasa yana buɗe ɗan notin da iska ke fita. Na hau na zauna. Daga inda nake ba na ganin komai na Doyle sai takalmansa da suka leƙo daga ƙarƙashin mota.

"Taka," in ji shi. "Taka. Ƙara. To riƙe."

"Na riƙe."

"Saki a hankali."

Ban taɓa lura muryarsu ɗaya ba sai ranar. A fili ba sa kama, Doyle ya fi saurin baki. Amma daga ƙarƙashin ƙarfe, da kalmomi ukun nan, Arlis ne sak. Muka yi sau biyar, sau shida. A na bakwai ya ce riƙe, na riƙe, sai na kasa amsawa. Hawaye ne kawai ke zuba a kan sitiyari, ƙafata tana danne da feda.

"Matarmu? Kin riƙe?"

Na ƙara danne fedar.

Bai fito ba, bai kuma tambaya ba. Ya kwanta a wurin ya ba ni lokaci. Can ya ce, "In kin gama ki faɗa mini, don man nan yana ɗiga mini a kunne." Dariya ta ƙwace mini a tsakiyar kuka. Na share fuska muka ƙarasa.

Feda ta yi taushi, ƙafata ta kai ta ƙasa ba wani zafi. Muka sauke motar, na tayar, na taka kuloci na nemi giya ta ɗaya. Sai ƙarar gurzar ƙarfe, har haƙorana suka amsa. Na sake gwadawa, haka. Doyle ya ce iska ce ta rage. Muka sake ɗagawa, muka sake cirewa har mai ya fito ba kumfa ko ɗaya. Giya ta ƙi shiga. Washegari ya ƙara tsawon 'yar sandar silindar, ta ƙi. Ya zauna a kan bokiti yana zagin kayan, yana zagin wanda ya ƙera su, yana zagin kansa.

"Mutum ɗaya ne ya san cikin motar nan," in ji shi daga ƙarshe. "Kuma ni ba zan je ba."

Ranar Asabar na tafi da wainar tuffa irin wadda Arlis ke so, don in sami abin riƙewa a hannu. Na bari ya ci rabi, sannan na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya ajiye cokali. Ya juya fuska bango ya daɗe.

"Ina sandata?"

"Tana kan tebur, a naɗe."

"Wa ya kwance?"

"Ni."

 Na ɗauka korata zai yi. Sai ya ce, "Fedar tana kaiwa ƙasa, giya ta ƙi?"

"Haka ne."

"Mazaunin ƙaramar silindar, wa ya yi?"

"Doyle."

"Kaurinsa?"

Na nuna masa da yatsu biyu. Gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga.

"Murfin gwangwani. In kin taka, ƙarfen ne ke lanƙwasa, ba kulocin ke buɗewa ba. Mai gyaran tarakta ke nan." Ya huta, don magana mai tsawo tana gajiyar da shi. "Kantar sama. Bayan fenti. Akwai jan gwangwanin kofi."

"Me ke ciki?"

"Ki duba. Kuma kada ki gaya wa Doyle."

Da yamma na shiga gareji na hau tsani, abin da likita ya hana ni. Gwangwanin yana can ƙurya, ƙura ta rufe shi. A ciki akwai wani ƙarfe mai kauri kamar yatsana, an lanƙwasa an yi masa walda tsaf, da ramuka uku, an shafe shi da mai an naɗe a jarida. Notinansa suna ɗaure a jiki da waya. Na warware jaridar na duba kwanan wata. Disambar shekarar da aka yi mini aiki a gwiwa ce.

Na zauna a matakalar tsanin da shi a cinyata har rana ta faɗi.

Ba yadda za a yi in ɓoye wa Doyle, shi zai ɗaura. Ya karɓa, ya juya shi gaba da baya, ya shiga ƙarƙashi ya kara a jikin giyabos. Ramuka ukun suka hau daidai kamar an haife su tare.

"Kai, amma tsohon nan munafuki ne," in ji shi daga ƙasa. "Shekara goma sha biyu! Yana zagina a gaban mutane, ashe ya riga ya yi abin ya ɓoye." Sai muryarsa ta sauya. "Dubi waldar nan, don Allah. Ni har in mutu ba zan yi irinta ba."

Muka sake cire iska. Na tayar, na taka, na tura giya. Ta shiga shiru kamar cokali a man shanu. Doyle ya sa mini ɗan noti a bayan feda don kada in wuce da ita gona da iri, muka zagaya unguwa sau uku. Sau biyu ta mutu mini a mahaɗa, don ƙafata ba ta saba da inda take kamawa ba.

Talata na tambayi Arlis me ya hana shi ɗaurawa tun lokacin.

"Na ce sai bazara," in ji shi. "Bazara ta zo, na ce ta gaba. In na sa, Doyle ya ci ni." Ya dubi hannunsa na hagu da ke kwance a cinya. "Kuma in kina tuƙi, ni wa zan riƙa waiwaya ina kallo?"

"Tsohon banza," na ce. Na kama hannun na riƙe, ko da yake na san ba ya ji.

Asabar ta uku a watan Yuni muka tafi, ana tsakiyar girbin alkama. Na ɗaura ɗankwali, na sa tsohon tabarau na Arlis, Doyle ya biyo ni a akori-kurarsa da kare a baya. Hanyar a miƙe take, injinan girbi suna ta kai da kawo hagu da dama, ƙaiƙayi yana dukan fuskata. Direbobin manyan motocin hatsi suna ɗaga mini hannu. Wani ya rage gudu ya leƙo ya ce, "Ba motar Arlis ba ce?" Na ce ita ce. Iska ta tafi da sauran maganarsa.

Na riga na gaya wa nas ta fito da shi ƙarfe goma sha ɗaya, ban ce mata ta faɗa masa dalili ba. Ita ta ba ni labari daga baya. Ta ce suna zaune a inuwa yana mita a kan zafi, sai ya ɗaga hannu ya ce ta yi shiru. Ita ba ta ji komai ba. Ya ce, "Ga ta nan. Ta sauko giya ta biyu wajen gidan mai." Sai da aka yi kusan minti guda kafin ita ta ji.

Na shigo filin ajiye motoci na tsaya a gabansa, ban kashe ba. Idonsa a rufe yake. Tsofaffi biyu sun fito da sandunansu suna kallo, wata mata tana leƙe ta taga. Arlis ya miƙa hannun dama ya ɗora a kan murfin inji, ya bar shi a wurin duk da zafin ƙarfen.

"Kina ɗora ƙafa a kan kuloci," in ji shi, bai buɗe ido ba. "Na ji tun daga kwana."

"Sannu da zuwa ba ta cikin bakinka?"

Doyle ya ƙaraso yana tafe kamar wanda aka kira ofishin shugaban makaranta. "Yaya, ina kwana."

"Ɓarawon sanda. Zo ka ɗaga ni."

Nas ta ce ba a ba ta wannan izini ba. Arlis ya ce shi ma bai ba ta izinin tsufansa ba. Ta shiga ta dawo da wani ma'aikaci ƙaƙƙarfa, shi da Doyle suka ciccibe shi suka sa a kujerar gefe, suka ɗaure shi da bel, suka tokare ɓarin hagun da matashi. Ta ce minti ashirin, kada mu wuce.

Muka fita. Na sa ta ɗaya, ta biyu, ta uku, yana bin hannuna da ƙafata da ido. Da muka bar gidaje na ba ta wuta kaɗan. Iska ta tayar da farin gashinsa, ya buɗe baki yana dariya marar sauti. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin Fabrairu.

Mil huɗu daga gari akwai mahaɗar da hanyarmu ta gida ke ɓallewa ta yi arewa. Na rage gudu don in juya.

"Shiga," in ji shi.

"Arlis."

"Shiga mana. Awa ɗaya ce."

Na gangara gefen titi na tsaya, na cire giya. Inji yana ta bugawa a hankali. Hanyar tana nan a gabanmu, babu kowa a kanta, alkama ta rufe ta gefe da gefe har inda ido ya ƙare. Na yi lissafin matakalar ƙofa, da ta banɗaki, da maganinsa na ƙarfe biyu da ke hannun nas. Ba abin da na lissafa da shi bai sani ba.

"Ba zan iya ɗaga ka ba," na ce. "Da zan iya, wallahi da ko kwana ɗaya ba ka yi a can ba."

 Yana kallon arewa.

"Tumatir ɗin bayan gida, kin shuka?"

"Layi biyu kawai."

"Kujerata tana baranda?"

"Tana inda ka bar ta. Kyanwa ce ke kwana a kai."

Ya gyaɗa kai. Wata motar hatsi ta wuce ta girgiza mu. Ya ja numfashi ya ce, "To juya. Kuma ki sauke ƙafar nan daga kan feda."

Na juya. Muka koma gidan tsofaffin. Suka sauke shi suka mayar a kekensa. Doyle ya durƙusa yana gyara masa ƙafa, Arlis ya dafa kafaɗarsa ya ce ya duba man tulun bayan mil ɗari, sabon tiyo yakan yi gumi. Doyle ya ce to, Yaya. Ni kuma ya ce kada in tafi sai an kai shi ɗaki, yana so ya ji tashina daga ciki. Na jira har nas ta ɗaga mini hannu ta taga, sannan na ja ta a giya ta ɗaya fiye da yadda ya kamata, don ƙarar ta daɗe.

Na isa gida wajen ƙarfe biyu. Doyle ya yi mini ham ya wuce. Na shigar da ita gareji na kashe, na zauna ina jin ƙarfe yana ƙas-ƙas yana hucewa. Da na sunkuya ɗaukar jakata sai na ga silifas ɗinsa na ƙafar hagu a ƙasan kujera. Ya zame masa bai ji ba, mu ma ba wanda ya lura.

Na ɗauka na shiga da shi gida. Na yi niyyar kiran nas in ce kada su wahala nema, Talata zan kawo. Na ajiye shi a bakin gado ta ɓangarensa, na je na ɗora ruwan kofi. Sai washegari na kira ta.